Ni da Ƙafafuna a Sulusin Dare



Shekara ta uku ke nan da ciwon suga ya taɓa mini jijiyoyin ƙafa. Da rana ina harkokina kamar kowa. Amma da zarar gari ya yi tsit, sai tafin ƙafata ya ɗauki zafi kamar na taka garwashi, yatsu kuma kamar ana soka musu allura. Ko zanin rufa ya goge ni, sai na zabura. Likita ya bayyana mini cewa sukarin da ya daɗe da yawa a jini ne ke cinye jijiyoyi, kuma dogayen da suka kai ƙafa su ne ke fara lalacewa. Shi ya sa farasitamol bai yi mini komai ba, don ciwon ba na tsoka ba ne.

A gida wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce iska. Ban yi musu da kowa ba. Na riƙe addu'a, na riƙe asibiti.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne asuba. An ba ni amitriptyline, barci ya samu, amma nauyinsa ya sa sai rana ta fito nake farkawa. Kwana tara a jere ban samu jam'i ba. Na ajiye maganin a ɓoye, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, na wayi gari ina sallah ban san abin da nake karantawa ba. Da ƙyar na cire kunya na faɗa wa likita. Murmushi ya yi, ya ce in riƙa sha da wuri, bayan magariba, ya kuma gargaɗe ni kada in sake yanke magani da kaina. Wallahi, da na tambaya tun farko da na huta.

Na daɗe ina tsoron cewa nishin da nake yi rashin haƙuri ne, har wani malaminmu ya tunatar da ni aya ta 83 a Suratul Anbiya, inda Annabi Ayyuba (AS) ya ambaci cutarsa ga Ubangijinsa, alhali Suratu Sad ta shaide shi da haƙuri. Ya kuma kawo hadisin Imrana bin Husaini (RA) a Bukhari, wanda basur ya dame shi aka ba shi damar sallah a zaune, ko a kishingiɗe in ya kasa. Tun ranar na daina jin nauyin zama a ƙarshen sahu, duk da kallon da dattawa ke yi wa mai ƙuruciya irina.

Har yanzu akwai dararen da ido ba ya rufuwa. Nakan yi alwala, in duba tsakanin yatsuna da fitilar waya ko akwai rauni, tunda ƙafar da ke ƙuna takan kasa jin ƙaya. Sai in yi raka'a biyu a zaune, in jingina da bango ina jiran ladan.

Ku sa ni a addu'a. Wassalam.