Mu Ya Mu: Zaman Ngaundere Ga Ɗan Manomin Taba

Tunda mu ya mu ne, bari in faɗa muku abin da ba na faɗa a gaban yara. Duk saurayin da ya zo mini da zancen fita waje, daga nan Taban Sani har Hunkuyi da Tashar Yari, sunaye uku ne a bakinsa: Jidda, Dubai, Libiya. Ban taɓa jin wanda ya ce ƙaramin gari zai nufa ba. Ni kuwa da na zauna a Ngaundere ta ƙasar Kamaru ina taya kawuna tsaron rumfar hatsi da busasshen barkono, ina ganin ɗan manomi ya fi cin moriyar irin wannan gari a kan birnin da ba wanda zai tambaye shi abin da hannunsa ya iya.

Daina yi mini wannan kallon, Alhaji. Na san za ka ce Kamaru ai maƙwabta ne, ina wata ƙasar waje a nan. To ka tsallaka daga Yola ka nufi Garwa, jandarma ya tare ka da Faransanci, ka miƙa wa mai shayi naira ya girgiza kai, sannan ka dawo mu yi maganar.

Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, kudu sak. Za ka baro zafin da ya fi na Makarfi a watan Afrilu, ka bi ta gefen gandun dajin Binuwai, ka wuce Mbe inda ake jibge doya a bakin titi, sai mota ta fara hawan dutse. Hawa ne mai kwana-kwana, tireloli na nishi, wasu ka gan su kwance a ƙasan kwari. Kana kaiwa sama sai iska ta sauya. Ngaundere tana kan tudun da ya kai mita 1,100 daga teku, Zariya kuwa ba ta kai 700 ba. Wannan bambanci shi ne komai a can: sanyin asuba, jar ƙasa, ciyawa har wuya, da damina mai tsawo wadda kan faro tun wajen Afrilu ta kai Oktoba. Ruwan da suke samu a shekara ya kusa milimita 1,500, namu da ƙyar yake haura 1,000.

Abin da ke riƙe da garin jirgin ƙasa ne. Layin dogon da ya taso daga Yawunde, sama da kilomita 600, a nan ya tsaya tun 1974. Kayan da aka sauke a tashar ruwan Duwala da nufin Chadi, da yawansu a nan ake juye su cikin manyan motoci. Don haka kewayen tasha ba ya barci: 'yan dako, direbobi, makanikai, masu faci, masu abinci, 'yan kamasho. Ga jami'a a Dang, arewa da gari, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ɗalibanta kuwa kullum sai sun ci tumatir da albasa. Ga shanu, Gudali masu ƙiba, da kilishin da fasinjan jirgi ba ya tafiya bai saya ba. Tun 1983 garin ya zama hedikwatar lardin Adamawa tasu, wato akwai ma'aikata masu albashi. Bai cika girman da zai haɗiye ka ba, bai kuma yi ƙanƙantar da kasuwa za ta mutu da azahar ba.

Ka tambaye ni aiki, Yaya. Zan gaya maka gaskiya: wanda ya je da hannu biyu kawai zai ƙare a dako, dakon kuma akwai masu shi. Amma yaron da ya tashi a fadamar Kudan, ya san yadda ake yanka fangali, ya san reno da dashe, ya iya kwance injin ban ruwa ya ɗaura, ya ga abin da tsutsar tumatir ta yi mana a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, wannan yaro yana tafe da jari ko da aljihunsa wayam. A bakin rafukan da ke kewaye da gari ana lambu, mai lambu kuma ko'ina yake yana gane wanda ya san aikin daga yadda ya riƙe fartanya. Sai dai ka sake koyon lokaci. Abin da muka saba, mu shanya barkono da yankakken tumatir a kan dutse ko bakin kwalta rana ta gama mana aiki, a can sai ka jira rani na gaskiya, in ba haka ba fumfuna ta cinye. Rake kuma, ka ajiye taƙamar. In ka hau jirgi zuwa Yawunde za ka ratsa gonakin kamfanin sukari a Mbanjok, iya ganinka rake ne. Amma na kamfani ne, ba irin namu na sha da mazarƙwaila ba. Na daɗe ina kallonsa ta taga ina tuna kamfanin tumatir na Ikara, da yake tashi yana faɗuwa tun 1981, mu kuma muna zubar da kwanduna a bakin hanya duk shekarar da kasuwa ta karye.

Maganar kuɗi kuma, ku matso. Ba wanda ya yi arziki dare ɗaya a can, duk wanda ya ce muku haka yana da abin da yake son sayar muku. Ribar a wuri biyu take. Na farko, babu inda za ka kashe: ba biki, ba suna, ba gudummawar abokin aboki. Na biyu, kuɗinsu sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, kusan 656 kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Tun da aka saki naira a 2023, wanda ya tara sefa ya aiko gida ya ga abin da idonsa bai zata ba. Ku lura dai, sefar Kamaru daban, ta Nijar daban. Darajarsu ɗaya, amma ba ka sayen ko goro da ta Maraɗi a kasuwar Ngaundere.

Ba mu ne farkon zuwa ba. Garin asalinsa na Mbum ne, Fulani suka kafa sarautarsu wajen shekarun 1830 ƙarƙashin Arɗo Njobdi, suna bin Yola, Yola na bin Sakkwato. Fatake Hausawa da Barebari suka bi sawu, neman hauren giwa da goro, da kuma bayi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Jamusawa suka ci garin a 1901, Faransawa suka karɓa bayan yaƙin duniya na farko. Har yau akwai unguwar Hausawa, akwai Sabongari, kuma ranar Juma'a in Lamiɗon garin ya fito masallaci da dawakai da kakaki da algaita, sai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi don tuna gida. Da Hausa za ka sami masauki da limamin da zai tsaya maka. Amma ciniki na Fulatanci ne, takarda ta Faransanci. Wanda ya ƙi koyon ƙirga da gaisuwa cikin harsunan nan biyu, a tsakanin 'yan uwansa kaɗai zai yi ta juya kuɗinsa.

A nan ne nake da ƙorafi da mutanenmu, kuma shi ya sa na ɗauko hirar. Sai mutum ya shekara da shekaru a gari irin wannan, tafiyarsa ba ta wuce ɗaki, rumfa, masallaci. Kamar kazar da aka kai kasuwa a ɗaure, ta je gari amma ba ta ga gari ba. In ka ce masa mu je mu ga ruwa, sai ya ce shi ba Bature ba ne, neman kuɗi ya zo. Alhali abin da ya fi daraja a Ngaundere yana bayan gari.

Fara da dutsen da ke tsaye a kan garin, mai ƙaton curin dutse a ƙolinsa. Bayan sallar asuba za ka hau ka sauko kafin a buɗe kasuwa. Wanda ya taɓa hawan dutsen Kufena ba zai sha wuya ba. Daga sama za ka ga tasha da taragu, da rufin kwano cikin itatuwan mangwaro, da kwaruruka masu kore inda lambuna suke. A nan na fara gane inda ruwa yake kwana a garin, abin da zaman rumfa ba zai taɓa nuna mini ba.

Kudu da gari kaɗan akwai tafkin Tizon, ruwa a cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, zagaye da itatuwa. Mu da muka saba da kududdufi da dam, ruwan da ba rafin da ke shiga cikinsa a fili, ba ya kuma ƙafewa, abin tsayawa a duba ne. Ban ce ka shiga ba, Malam, na san halinka. Gaba a hanyar Maiganga kogin Vina yana zubowa daga kan dutse, da damina tun daga nesa kake jin rugugi. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan Tello, can gabas ta hanyar Belel. Ruwan yana faɗowa daga sama sosai, a bayansa kuma akwai wani babban kogo, sai ka zagaya ka tsaya a ciki, ruwa na zuba a gabanka kana hangen daji ta cikinsa. Hanyar jar ƙasa ce, da damina sai mai babur da ya san ta. Mu 'yan Kaduna muna da Matsirga a Kafanchan, amma ku faɗi gaskiya, mu nawa a nan muka taɓa zuwa?

To, ba kallo kaɗai ba ne. A hanyar nan ne za ka ga amya rataye a kan itatuwa, saƙar ciyawa, jere-jere. Tudun Adamawa ƙasar zuma ce, kuma wani kaso nata Najeriya yake shigowa. Za ka ga fiya tana zuba a gindin bishiya, wadda a Kaduna sai mai hali yake saya. Za ka ga gonar masara ta kamfanin Maïscam, wadda marigayi Alhaji Abbo ya kafa, da yadda ake noma da inji a fili mai faɗi. Za ka zauna a rugar Fulani a ba ka kindirmo, ka ji nawa ake sayar da maraƙi kafin dillali ya sa baki. Duk wani ciniki mai kyau da na gani kawuna ya yi, daga irin wannan fita labarinsa ya fara, ba daga zaman jiran mai saye ba.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki: kogin Binuwai a kan wannan tudu yake fitowa, arewa da garin. Shi ne ya gangara ya cika dam ɗin Lagdo da aka gama a 1982, ya bi ta Garwa, ya shigo Yola da Makurɗi. Duk sanda kuka ji a rediyo an ce Kamaru za ta saki ruwa, kamar ambaliyar 2012 da ta 2022, ruwan saman da ya sauka a waɗannan duwatsu ne. A Lakwaja Binuwai yake haɗuwa da Neja, wadda ta riga ta kwashi ruwan Galma namu ta hanyar kogin Kaduna.

Kada in yi muku daɗin baki. Dajin can ma yana da nasa. An sha sace makiyaya don kuɗin fansa a ƙauyukan lardin, musamman ta wajen iyakar Afirka ta Tsakiya, har wasu rugage suka watse. Mu da muka san abin da ya sami Birnin Gwari da Giwa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ba a fita sai da ɗan gari, ba a kai magariba a daji, kuma in dattijon unguwa ya ce wannan hanya a bar ta wannan makon, a bar ta. Sauro na nan, sanyin Disamba da Janairu kuma yana shiga ƙashi, ka tafi da bargo.

Akwai kuma kewa, wadda ba wanda yake faɗa. Ranar aiki ba ka jin ta. Sai ranar sallah, bayan an sauko idi kowa ya shige gidansu, kai kuma ka koma ɗaki da kwanon da maƙwabci ya aiko. Shi ya sa, Yaya, da ka ce ko mutum ya tafi da iyali, na ce a'a da farko, e daga baya. Ka je ka ga damina ɗaya da rani ɗaya, ka san unguwa, ka san makarantar allo da asibiti, sannan ka aiko a kawo su. Wanda ya bar mace shekara uku a Taban Sani da sunan yana tara kuɗi, ni ban ga abin da ya tara ba.

Saura takarda, kuma nan ne yaranmu suke faɗawa rami. Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Akwai yarjejeniya tsakaninta da Najeriya da ta ba mu damar shiga ba biza har wata uku, amma zama ya wuce haka sai da katin zama, kuma yana da tsada. Shingen jandarma yana da yawa a hanya, wanda ba shi da takarda kuwa a kowane shinge sai ya bar wani abu, har abin da ya bari ya fi kuɗin katin.

Don haka, Alhaji, yaron wajenka da ka ce yana ta maganar Agadas da hamada, ka turo mini shi bayan an gama saran rake. Ya fara yin fasfo da katin allurar shawara, ya koyi ƙirgan Fulatanci a wajen masu kawo nono kasuwar Makarfi, kuma ya riƙe kuɗin motar dawowa daban, kada ya taɓa shi.