SANDAR TUƘIN JIRGIN BABA

Mutanen wannan kwaleji da yawa sun gan ni a watan jiya ina ratsa filin ƙwallo da doguwar gora a kafaɗa, har wani ɗalibi ya rusuna ya ce, "Malam, ko an koma kiwo ne?" To, ga dalilin, don kowa ya huta da tambaya.

Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, tun ina yaro kuwa na iya tura kwalekwale da gwangwala. Sabo da haka da aiki ya kawo ni Ikko, ina jin ba wanda zai koya mini kome game da ruwa. Ana nan sai wani dattijo Bayarabe, wanda ya koyar da lissafi a nan kafin ya yi ritaya, wanda duk muke kira Baba, ya ɗauke ni ran wata Asabar ya kai ni inda jirginsa yake.

Jirgin nan ba shi da inji, iska ce ke tura shi. Kamar 'yan kwalekwale ne guda biyu sirara, an jera su, an haɗa da ƙarafa, an shimfiɗa tamfol a tsakani inda mutum zai zauna. A tsakiya ga dogon jigo a tsaye, wanda ake ɗaura wa filafilai, watau manyan ƙyallayen da ke tare iska. Turawa na kiransa katamaran, amma kalmar ba tasu ba ce, daga bakin Tamilawan kudancin Indiya suka aro ta, ma'anarta kuwa itatuwan da aka ɗaure tare. Na Baba shi ne irin da ake kira Hobie 16, ƙirar wani mutumin Kalifoniya ta Amurka, Hobie Alter, wanda ya fara fitar da ƙaraminsa, Hobie 14, a 1968. Tsawonsa ƙafa 16 da inci 7, faɗinsa ƙafa 7 da inci 11.

Ga yadda ake juya shi. A gindin kowane kwalekwale akwai allo guda da ke nutse cikin ruwa, kowane allo yana da hannu, an kuma gama hannuwan biyu da wani ƙarfe da ya gitta. A tsakiyar ƙarfen nan aka maƙala wata doguwar sanda da 'yar gaɓa mai juyawa ko'ina. Sandar ita ce akalar jirgin, domin matuƙi ba ya zama kusa da ƙarfen. In iska ta yi ƙarfi takan nemi kifar da jirgin, sai mutum ya sa ɗamara mai ƙugiya, ya rataya jikin wayar da ta sauko daga jigo, ya kafa ƙafafunsa a gefen jirgi, jikinsa duka yana reto bisa ruwa. A nan ba abin da ya haɗa hannunsa da allunan sai sandar nan.

Cikin hutun Agusta Baba ya yarda na fita ni kaɗai. Iskar damina tana busowa sosai daga kudu maso yamma, ina rataye a waya kusa da Tarkwa, ina jin kaina kamar sarki, sai na ji ƙas! Na duba, ga sanda a hannuna, ba ta haɗe da kome. Jirgi ya juya hancinsa cikin iska ya tsaya cik, filafilai suna ta kaɗawa, ruwa kuwa yana jan mu sannu sannu zuwa hanyar da manyan jiragen kaya ke bi su shiga Apapa. Wanda ya taɓa ganin irin jiragen nan daga ƙasa ya san ba su tsayawa don ɗan malamin makaranta. Na rarrafo ciki, na kama ƙarfen da hannu, da ƙyar da addu'a na kai gaci.

Da na duba inda ta karye, sai na ga wani farin gari kamar toka kewaye da ramin ƙusa. Sandar ta alminiyam ce, ƙusar kuwa ta baƙin ƙarfe ce irin wadda ba ta tsatsa, in ko waɗannan biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa a hankali. Baba ya ce, "Malam, bar shi, ajalinta ne ya zo." Na ce, "A'a Baba, a hannuna ta karye, ni zan biya."

Nan fa aiki ya samu, domin iri uku na tarar. Akwai ta alminiyam, mai araha, amma na riga na ga ƙarshenta, in ta lanƙwashe kuma ba ta komawa daidai. Akwai ta kabon, baƙa wul, ba nauyi ko kaɗan, ba ta kuwa lanƙwasa. Ita zuciyata ta so, ba na ɓoye muku, don in riƙe a ce wane ya iya. Amma kuɗinta, da na kawo ta daga waje, sun haye albashina na wata, in kuma mutum ya faɗa mata takan tsage ta yi tsinke-tsinke masu shiga hannu. Ta uku ta zaren gilashi ce da aka daskarar da ƙaro. Ta fi su nauyi, tana kuma ɗan tanƙwasawa, amma gishiri ba ya cinta, sa'an nan wutar lantarki ba ta bin ta, alhali tana bin alminiyam da kabon. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Jigon jirgin ya haura ƙafa 26, in ya taɓa wayar lantarki wajen turo shi bakin gaci, wanda ke riƙe da ƙarfe shi ke shan wuya.

Na tsai da shawara kan ta ukun. Sai kuma maganar tsawo, wadda ta fi ci mini rai. Daga tsakiyar ƙarfen zuwa gefen jirgi kusan ƙafa 4 ne, mai zama a gefe ba ya bukatar fiye da haka da yawa. Amma mai rataya a waya ya fita waje, in iska ta yi sanyi kuma yakan matsa gaba, to, gajerar sanda ba ta kai masa. Doguwa ainun ita ma tana da nata. Igiyar babban filafili tana gaban ƙarfen, sabo da haka duk lokacin da za a juya, tilas a zagaya da sandar ta baya a cafe ta a ɗaya gefen, in ta cika tsawo sai ta tsoma baki a ruwa ko ta harɗe da igiya. Akwai wadda ake zuƙewa a miƙe kamar ƙafar kyamara, a murɗa ta kulle. Na ga guda biyu a wurin maƙwabtan Baba, duka rairayi da gishiri sun cushe makullin, ɗaya ta ƙi miƙewa, ɗaya kuma mai ita ya ce takan zuƙe da kanta daidai lokacin da ya tura.

Wannan ne ya kawo gorar. Na sare ta ƙafa 9, na ɗaura ta a ƙarfen da robar taya, na fita sau uku, kowace fita in ɗan rage ta, har ta tsaya wajen ƙafa 7, inda hannuna ke kaiwa daga waya ba tare da miƙa ba.

Ran da zan aika da kuɗi sai wani abu ya faɗo mini. Jikina na auna, jirgin kuwa ba nawa ba ne. Baba ya haura saba'in, ya daɗe da barin rataya a waya, a zaune yake tuƙi, ƙafa 5 ta ishe shi. Ashe ina shirin biyan bashi ne da abin da zai yi mini daɗi, shi kuwa ya dame shi. Kunya ta kama ni. Na tafi gidansa na gaya masa, na ce gajera zan saya. Ya yi shiru yana duban gorar, sa'an nan ya ce, "Malam, 'ya'yana duka suna ƙasar waje, ba mai son ruwa cikinsu. Nan da shekara biyar wa kake tsammani zai riƙe sandar nan? Sayi wadda ta yi daidai da kai. Ni na kama ta a tsakiya." Ban sami abin cewa ba, sai godiya.

Ta iso bayan mako uku, tare da sabuwar gaɓa da ƙusa. Na so in kai wa baduku ya naɗe mariƙin da jar fata irin ta kuben takobi, Baba ya yi dariya ya ce ruwan teku zai ruɓar da ita kafin Sallah. Siririyar igiya muka naɗa a wuri biyu, ɗaya a ƙarshe inda nake kamawa, ɗaya a tsakiya inda yake kamawa. Gorar kuwa ban yar ba, tana nan ɗaure a ƙarƙashin tamfol. Wanda ke son gani da idonsa ya same ni a ɗakin malamai ran Jumma'a, amma sai wanda ya iya iyo.