Matan Bakin Teku a Zanen Gawayi

Daga Quimper na hau bas zuwa Pont-Aven, wani ɗan gari a yankin Bretagne, can yammacin Faransa, inda kogin Aven ke ratsa tsakiyar gidaje. Garin ƙarami ne, amma duk lungun da ka leƙa sai ka ga shagon zane. Paul Gauguin ne ya jawo masa wannan suna, tun da ya sauka a masaukin Gloanec mai araha a 1886, daga baya matasa irin su Émile Bernard da Paul Sérusier suka kewaye shi.

Launuka na zo kallo, sai ga shi abin da ya tsayar da ni baƙi ne da fari. A wani shago na tarar da tsohuwar takarda cikin gilashi: mata uku a bakin teku, sun duƙa, da fararen huluna da takalman katako. Na tambayi dattijuwar da ke tsaron shagon da me aka yi zanen. Ta ce gawayi. Ikon Allah! Gawayin da muke zubawa a dutsen guga, wanda ake dukan yara idan sun ɓata bango da shi, shi ne aka rataye aka kunna masa fitila.

Mai zanen bai damu da fuskokinsu ba. Gadon baya ya zana, da kafaɗa, da yadda ƙafa ke nutsewa cikin jiƙaƙƙen yashi. Ya murje gawayin da yatsa ya zama hadari, ya bar takardar fara fat a wurin hulunan. Kana kallo kana jin ciwon ƙugu.

Abin da suke tarawa ne ya ɗaure mini kai. Shara ce? Kifi ne?

"Ciyawar teku ce, malam," in ji dattijuwar. "Takin gonarsu ke nan."

Washegari na nufi Le Pouldu, ƙauyen da Gauguin ya koma a 1889, inda shi da abokansa suka cika bangon ɗakin cin abincin masaukin Marie Henry da zane. Ina tsaye a bakin ruwa teku ya ja da baya, ya bar ciyawar shimfiɗe, baƙa, mai santsi da ƙarni. Na ɗaga damƙi ɗaya, nauyinsa ya ba ni mamaki. Wani mai kamun kifi ya ce mini a da har ƙona ta ake yi cikin ramuka, a sayar wa masana'antu tokar, su fitar da aidin ɗin da ake shafa wa ciwo.