Baƙi masu harshen damo

Ina ɗan shekara goma, a gidan kawuna a Maraɗi, na fara ganin mace ta haɗiye dabba da ranta. Kawun nawa mushen lakwal ne, yana da telebijin da na'urar kallon faifai, abin da ba kowane gida ke da shi ba a unguwarmu a lokacin, kuma wani abokinsa ya kawo masa faifan wani tsohon fim daga Yamai. In an kawo wuta bayan sallar isha'i, sai a fito da telebijin tsakar gida, mu yara a tabarma, manya a kujeru. A daren da nake magana, wata kyakkyawar mata mai jajayen tufafi ta ɗauko wata ƴar dabba mai kama da ɓera, ta wage baki har muƙamuƙinta ya sauko inda na ɗan'adam ba ya kaiwa, ta tura ta ciki, muna kallon dabbar tana gangarawa a maƙogwaronta. Matar kawu ta yi a'uziyya, ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuwa na yi kwana uku ban yarda na fita tsakar gida da dare ni kaɗai ba.

Sunan fim ɗin harafi ɗaya ne tak: V. Tashar NBC ta Amurka ce ta fara nuna shi, kashi biyu, a ranakun 1 da 2 ga watan Mayu na 1983, kuma Kenneth Johnson ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni. A 1984 aka ƙara kashi uku, daga nan aka mayar da shi shirin mako-mako mai kashi 19 wanda ya ƙare a 1985, sannan a 2009 tashar ABC ta sake ɗinka labarin da sababbin ƴan wasa. A ganina kashi biyun farko su ne fim ɗin. Na mako-makon kasuwa ce kawai. Mu dai da muryoyin Faransanci muka kalle shi, kuma rabin abin da ake faɗa kawu ne yake juya mana da Hausa, yana yi yana ƙara nasa gishirin.

Labarin ba shi da wuyar faɗa. Wata rana manyan jirage 50 suka sauko daga sararin samaniya suka tsaya cak a kan manyan biranen duniya. Waɗanda ke ciki suka fito da siffar mutane, sai dai suna sa baƙin tabarau saboda haske yana damunsu, kuma muryarsu tana da wani irin amo kamar mai magana a cikin randa. Shugabansu ya gana da babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, ya ce sun zo da zaman lafiya, suna neman a taimake su da wasu sinadarai da duniyarsu ke buƙata, su kuma za su saka da iliminsu. Sai daga baya wani mai ɗaukar hoton labarai, Mike Donovan, ya saci jiki ya shiga jirginsu, ya gano cewa fuskar mutum da suke da ita fatar aro ce, a ƙarƙashinta ƙadangaru ne masu harshe mai reshe biyu. Abin da ya kawo su shi ne su kwashe ruwan duniya kaf, su kuma tara mutane a matsayin abinci. Kawu da ya ji haka sai ya ce, to, ga ƙadangaren bakin tulu na gaskiya.

Shekara goma sha takwas bayan wancan dare na sake kallon fim ɗin, wannan karo da Ingilishinsa na asali, a kwamfutata, a ɗakin da nake haya kusa da jami'a. Haɗiyar dabbar da ta hana ni barci dariya ta ba ni, domin robar a fili take. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan da ake kiran waɗannan halittu tun daga farko har ƙarshe. Da Ingilishi da Faransanci duka, kalmar da aka zaɓa tana nufin masu ziyara. Kawu ya fassara mana ita da “baƙi”, kuma yanzu na ga fassararsa ta fi asalin nauyi.

Ɗalibin ilimin ma'ana ya san cewa akwai abin da kalma take faɗa, akwai kuma abin da take ɗauka an riga an amince da shi tun kafin a buɗe baki. Wanda ya ce “baƙo” da Hausa ya riga ya ɗora wa kansa wajibai: a yi masa maraba, a kawo masa ruwa kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, a ba shi shimfiɗa. Mun ce baƙonka annabinka. Mun kuma ce baƙo raɓa ne, wato da hantsi ya ɗaga zai wuce. To duk wanda ya kira mamayi da sunan baƙo, ya yarda da abu biyu ba tare da an yi gardama da shi ba: cewa mutumin ya cancanci karamci, kuma cewa zamansa na ɗan lokaci ne. A fim ɗin, hatta ƴan gwagwarmayar da suka ɗauki makamai suna ci gaba da kiransu da wannan suna, in ban da lokacin da fushi ya sa su ce ƙadangaru. Sun ƙi mulkin, amma kalmar ta riga ta zauna a bakinsu. Kuma ga wani abin ban takaici da sai mai tunani da Hausa zai lura da shi: ruwan da ake tarbar baƙo da shi, shi ne ainihin abin da waɗannan suka zo sata.

Sunayensu ma haka. Shugaban ya bayyana cewa sunayensu na ainihi za su yi wa kunnen mutane baƙunta, saboda haka suka ɗauki na ƙasa masu sauƙi: John, Diana, Steven, Martin. Ba a taɓa tilasta wa kowa koyon harshensu ba. Su ne suka koyi na mutane, suka kuma iya shi sarai. Na daɗe ina ɗauka cewa alamar mamaya ita ce a ɗora maka harshen wani, kamar yadda a lakwal ake hukunta mu in an kama mu muna Hausa a cikin aji. Wannan fim ya nuna mini wata hanyar da ta fi wannan dabara, inda ake barinka da harshenka amma a sauya abin da ke cikin kalmominsa.

Misali mafi bayyana shi ne kalmar “masanin kimiyya”. Baƙin sun san cewa masana ne kaɗai za su iya gane fatar aro, don haka suka ƙirƙiro labarin wata maƙarƙashiya da wai masana ke ƙullawa. Cikin ɗan lokaci kalmar da iyaye ke alfahari da ita ta zama zagi, maƙwabta suka fara ƙauracewa, iyalin wani masani mai suna Maxwell suka koma neman maɓoya. Wanda ya ɓoye su wani tsoho ne Bayahude, Abraham Bernstein, da ya tsira daga sansanin ƴan Nazi, alhali jikansa ya shiga ƙungiyar matasan da baƙin suka kafa da sunan abota. Johnson bai ɓoye inda ya nufa ba. Labarin da ya fara rubutawa na ƴan kama-karya ne da suka ƙwace Amurka daga cikin gida, bisa tasirin littafin Sinclair Lewis na 1935, sai tashar ta nemi a mayar da shi na halittun sama. Jajayen kayan sarkin da tambarin baƙin duk suna tuna wa mai kallo Jamus ta Hitila. Wanda ya karanta Victor Klemperer, malamin harsunan nan na Dresden da aka kora daga aiki a 1935, wanda ya riƙa rubuta yadda Jamusanci ke sauyawa a bakin maƙwabtansa har ya fitar da littafinsa LTI a 1947, zai ga darasin nan a fim ɗin ƙarara. Klemperer ya lura, alal misali, da yadda kalmar da ke nufin mai tsattsauran ra'ayi ta tashi daga aibi ta koma yabo.

Na tuna wata magana da kawu ya yi a wancan lokacin wadda ban fahimta ba sai yanzu. Ya ce Amurkawa sai da suka kirawo ƙadangaru daga wata duniya kafin su iya hasashen yadda mamaya take, mu kuwa tambayar kakanni kawai za mu yi. Rundunar Voulet da Chanoine da ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899, a takardun Faransa sunanta tawagar Afirka ta Tsakiya. Tawaga, kamar masu zuwa gaisuwa.

A cikin baƙin akwai guda ɗaya da nake ƙauna, Willie, wanda Robert Englund ya fito a matsayinsa. Ƙaramin ma'aikaci ne da aka koya wa Larabci domin a tura shi ƙasar Larabawa, sai aka yi kuskure aka sauke shi a Los Angeles. Ranar farko ya ɓace a cikin masana'anta, yana so ya ce “lost”, wato ya ɓata, sai bakinsa ya riƙa cewa “just”. Kalmomin biyu gaɓa ɗaya ne kowacce, ƙarshensu ɗaya, irin tuntuɓen da duk wanda ya koyi harshe na biyu ya sani. Abin lura shi ne, a duk cikin baƙin da ke mu'amala da mutane, wanda ya fi kowa tuntuɓen harshe shi ne wanda bai iya yaudara ba. Diana ba ta taɓa kuskuren nahawu.

Duk wannan da na zayyana zai iya zama aikin aji, a ba ni maki a wuce. Dalilin da ya sa na koma ga fim ɗin daban ne, kuma ba na jin daɗin faɗarsa.

Bara, lokacin hutu, na sami aikin tafinta na kwana goma tare da wasu jami'ai da ke zagaya ƙauyuka kafin a fara wani babban aiki. Kuɗin ya isa ya biya mini hayar ɗaki ta wata huɗu. A wani ƙauye aka tara dattawa a gindin bishiya, jami'in ya yi jawabi da Faransanci, ya yi amfani da kalmar “réinstallation”. Na san abin da ke bayanta, domin na ga taswirar a mota: gidaje da dama da wasu gonaki suna cikin layin da aka ja da jan alƙalami. Akwai kalmar Hausa da ta dace, kowa ya san ta, ita ce tashi. Da na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa za a gyara musu zama.

Wani dattijo da ke gefe, riƙe da carbi, ya bari aka gama, sannan ya dube ni, bai dubi jami'in ba, ya ce: “Ɗana, kai namu ne, Hausa ka sha a nono. Tashinmu za a yi?”

Na ce: “Baba, ai magana ba ta kai can ba tukuna. Yanzu dai ana duba yadda kowa zai samu wuri mai kyau.”

Ya ce: “To, Allah ya yi maka albarka.”

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin jimlolina, na sha auna su. A aji, irin wannan magana mai fuska biyu muna kiranta harshen damo, kuma na taɓa samun maki mai kyau a jarrabawa a kanta. Jami'in bai umarce ni da in sassauta komai ba. Ba ya ma jin Hausa. Ni ne na ji nauyin in zama bakin da mummunan labari zai fito, na kuma ji tsoron kada taron ya watse a ce tafinta ne ya ɓata shi.

A fim ɗin akwai wata ƴar jarida, Kristine Walsh, wadda baƙin suka ɗauka ta zama kakakinsu. Ba muguwa ba ce. Tana son aikinta, an ba ta dama irin wadda ba a samu sau biyu, kuma mutane sun yarda da sanarwar baƙin ne saboda daga bakin tasu take fitowa. Ina yaro ban ma lura da ita ba, hankalina na kan bindigogi masu haske. A kashi na 1984, bayan ƴan gwagwarmaya sun yage fuskar John a gaban kyamara, aka sa ta ta gaya wa duniya cewa abin da aka gani ƙage ne. Ta fara, sai ta tsaya, ta faɗi gaskiya, Diana ta harbe ta nan take. Fim ne, shi ya sa aka ba ta kyamara da minti guda na fansar kai. Ni a gindin bishiyar nan ba wanda ya auna ni da komai, abin da zan rasa bai wuce kuɗin haya ba.

Na naɗi zaman a wayata da izinin mutanen, domin kundin digirina a kan kalmomin aro ne a bakin manoma, na ga dama ce ta samun bayanai. Malamin da ke duba aikina ya ce in rubuta duk abin da ke cikin naɗin, har da maganar tafinta, layi uku-uku kamar yadda aka koya mana: abin da aka faɗa, rabe-raben kalmomi, sannan fassara zuwa Faransanci. Na gama minti 46. Tambayar dattijon tana minti na 47, na rubuta ta, na fassara ta ba wahala. Layin da ke biye nawa ne, “za a gyara muku zama” da na maimaita masa kafin mu tashi. In na sa “réinstallation” a ƙarƙashinsa, takardar za ta nuna na yi fassara daidai. In na sa abin da dattijon ya ji, kalmar za ta bambanta da wadda jami'in ya furta, kuma duk mai karanta kundin zai ga inda aka sauya ta da wanda ya sauya. Ranar Litinin zan kai wa malam babin.