Kada ku raba kurmin kwari

Ƴaƴana da jikokina, ranar da kuka zauna rabon gadona, ku raba gona, ku raba bisashe, amma kurmin gorubar da ke gefen kwarinmu na N'Guelbély ku bar shi dunƙule. Ba mu kaɗai ke da haƙƙi a cikinsa ba. Zabon daji a nan yake ƙwai, zomo da bushiya a nan suke ɓuya, kurciya a kan aduwa take sheƙa.

Na ga lokacin da barewa ke ratsa garken shanu tsakanin nan da Maine-Soroa, makiyayi bai ko ɗaga kai ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itace, yunwa ta sa muka sare sauran. Da inuwa ta tafi, naman daji ya bi ta, rairayi kuma ya gangaro ya binne kwaruruka masu dabino da kanwa. Daga 2015, da rikici ya koro ƴan'uwanmu daga Bosso da bakin Komadugu, buƙatar itacen girki da na rumfa ta ƙara cin dajin Diffa. Ba na zarginsu. Wanda ya gudo da ransa dole ya hura wuta. Sai dai abin da ya tsira yanzu amana ce a wuyan mai fili.

Ga yadda za ku riƙe ta. In kun yanki kaba don tabarma da igiya, kada ku taɓa zuciyar, domin kabar da aka bari ita ce gorubar gobe. Ku ɗebi busasshen reshe, ku ƙyale ɗanye. Dakwara ku tsaga ta da sauƙi, za ta ba ku ƙaro shekara da shekaru. Da damina, lokacin ƙwai da haihuwa, ku hana yara ɗana tarko da kwasar ƙwan zabo. Kada wanda ya cinna wa ciyawa wuta don ya kama zomo ɗaya.

Manoman Maradi sun gwada sassabin zamani tun wajen 1983: suna barin tohon kututture, su zaɓi masu ƙarfi su rene su. Yau miliyoyin itatuwa ne a gonakin Maradi da Damagaram, kuma dokar 2020 ta tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena nasa ne. Ku je wajen ma'aikatan gandun daji a shaida naku.

Malamai sun karantar da mu cewa duk abin da tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar bawa, sadaka ce gare shi. Wannan sadakar nake roƙon kada ku yanke mini bayan raina. Babba a cikinku ya riƙe kurmin da sunan kowa, kuma kada a sayar da shi ga mai gawayi komai tsananin shekara. Allah ya yi muku albarka.