Na Hau Dutsen Kagoro, Na Sauko Da Ƙyar

Mai karatu, abin da ya tashe ni daga Kagarko zuwa Kagoro a ƙarshen Disamba na 2024 gardama ce da na yi da jikana. Wata rana da dare muna jin ɗumi a bakin wuta, sai ya miƙo mini wayarsa ya nuna mini waɗansu Turawa, kowa ya ɗaure ƙafafunsa biyu a kan allo guda, suna gangarowa daga kan duwatsu bisa dusar ƙanƙara kamar an saki kibiya. Ya ce tun 1998 aka shigar da wannan wasa cikin wasannin Olamfik na hunturu a birnin Nagano na ƙasar Japan, har a nan Afirka ma ana yin sa a duwatsun Lesotho da Maroko. Na ce ai ba abin a zo a gani ba ne, mai gangara ba ya shan wahala, hawa shi ne aiki. Ya ce, "Kaka, kai wane dutse ka taɓa hawa?" Na ce Dala. Ya ce, "Mai matakala?"

To, ka san wasan jika da kaka, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ga shi ina da wani abokin karatu a Kagoro da ya daɗe yana gayyata ta. Na shiga mota da hantsi, don a zamanin nan mai hankali ba ya bin hanyoyinmu da dare. Muka bi ta Kubacha, inda aka shanya citta a bakin hanya, ko da yake manoma har yanzu suna kukan cutar da ta cinye musu gonaki a 2023. Muka wuce Kwoi, muka faɗa Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa tun wajen 1927. Daga nan zuwa Kagoro tafiya kaɗan ce.

Garin na kwance ne a gindin dutsen, dutsen kuwa ya yi masa rumfa. An ce tsayinsa ya haura mita 1,200 daga tudun teku, kuma daga maɓuɓɓugansa ne ruwan da ke kwarara a Matsirga yake fitowa. Na iske ana ta share-share da ɗinke-ɗinke saboda bikin Afan, wanda bisa al'ada ake yi ran 1 ga Janairu don nuna ƙarshen kaka da shigowar lokacin farauta. Afan ɗin ma, da harshensu, dutse ke nan. Tsofaffi ba su raba zancen bikin da sunan Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarautar Kagoro daga 1945 har rasuwarsa a 2008.

Da asuba na yi salla, jaura na kaɗawa har haƙorana na haɗuwa. Mai masaukina ya haɗa ni da ɗan ƙanensa, wani saurayi mai kunya, ya yi mini jagora. Yaron ya dubi babbar rigata da takalmina sau-ciki mai santsin ƙasa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ko a aro maka na roba?" Na ce a'a. Wannan shi ne kuskurena na fari.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ba mu yi rabin sa'a ba na fara haki, rigar da na sa don sanyi ta zama kaya. Hanyar ba hanya ba ce, tsakanin duwatsu ne da ƙafafun mutane suka goge, ga busasshiyar ciyawa wadda in ka taka sai ta tafi da kai. Ina zaune ina maida numfashi sai ga wata tsohuwa, wadda ba ta kasa ni shekaru ba, ɗauke da buhu, ta ce, "Sannu, Malam, a yi a hankali," ta wuce kamar mai tafiya kasuwa. Ashe akwai masu gidaje a can sama, kullum haka suke hawa da sauka.

A wani matsatsin wuri jagorana ya tsaya ya ce, "Baba, nan doki ba ya wucewa." Na gane abin da yake nufi. A kan dutsen nan kakanninsa suka fake daga mahayan da ke zuwa kamun bayi daga Zazzau da Jama'a, kuma ya san daga wane ɓangare na fito. Bai faɗa da gori ba, ni ma ban ce komai ba. Ya miƙo hannu na kama, ya jawo ni. Daren jiya mai masaukina ya ba ni labarin hare-haren da aka kai wa ƙauyukansu a 2022, saboda haka na san hannun nan ba ƙaramin abu ba ne.

Da muka kai sama, sai na tarar hazo ya rufe duniya. Kafanchan da na yi niyyar hange, ko rufin gida ɗaya ban gani ba. Wanda ke son kallo, ya bari sai ƙarshen damina.

Wajen saukowa ne na sha mamaki. A kan wani falalen dutse mai gangara muka iske yara sun tsaga jarka biyu, kowa ya zauna a cikin rabi, suna sulalowa suna ihu. Na ce a raina, ai ga allon Turawan nan, ba dusar ƙanƙara kawai. Gwiwoyina kuwa sun riga sun fara rawa, gama sauka ta fi hawa cin gwiwa, ga takalmi na ta zamewa. Sai shaiɗan ya raya mini cewa ga hanya mai sauƙi. Jagorana ya ce, "Baba, don Allah kar ka yi." Na ce ya riƙe mini hula.

Wani yaro da bai wuce shekara tara ba shi ya zama malamina. Ya ce in tattara rigata, in ɗaga ƙafafu, in dubi inda za ni, kar in dubi ƙasa, kuma komai ya faru kar in tokare da hannu. Na ce na ji. Ya tura ni. Wallahi da fari daɗi na ji irin wanda na manta da shi tun ina makarantar allo. Amma da gudu ya ƙaru sai tsoro ya kama ni, na kafa dunduniya ɗaya don in tsaya. Nan take jarka ta juya da ni, na koma ina gangara da baya, na miƙa hannun hagu na tokare. Na tsinci kaina cikin ciyawa, takalmi ɗaya ya yi gaba, yara na ta "Sannu, Baba!" suna danne dariya.

Saurayin nan ya cire nasa takalmin ya ba ni, ya sauko ba takalmi, ni kuwa na dafa kafaɗarsa tun daga can har gindin dutse. Mai ɗori ya duba ya ce targaɗe ne, ba karaya ba, ya ja ya ɗaure. Bikin Afan sai daga kan kujera na kalle shi, hannu a rataye.

Da na koma Kagarko jikana ya ga hannun, bai yi dariya ba sai da ya tabbata ba karaya. Sa'an nan ya ce su ma masu koyon allon ƙanƙara wuyan hannu suka fi jin ciwo, don kowa in zai faɗi hannu yake miƙawa, shi ya sa ake sa musu abin kariya. Ya tambaye ni ko har yanzu hawa ne aiki. Na ce ya je ya ɗauko mini man zafi, kuma ya nemo mini lambar takalmin saurayin nan, gama ina da bashin da zan biya a Kagoro.