Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Mu biyar ne muka tashi daga Samaru wata Asabar a watan Maris, za mu hawan Dutsen Kufena. Uku ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaya mai gyaran waya, na biyar kuma ƙanen ɗayanmu ne, yaro ɗan shekara 15 da ya nace sai ya bi mu. Guzurinmu gaba ɗaya bai wuce ledar fiya wata shida da biskit biyu ba, sai wayoyi cike da caji don ɗaukar hoto. Da za mu fita mahaifiyar yaron ta biyo mu har zaure ta ce, "Amana ce fa na ba ku." Muka ce, "Haba Inna, nan cikin gari za mu, yanzu za mu dawo." Mun san in muka ambaci dutse ba za ta bar shi ba.

Sai wajen ƙarfe goma muka sauka a Wusasa. Kufena dutse ne mai yaudara: daga ƙasa kamar ka miƙa hannu ka taɓo kansa. Masu tarihi na cewa a gindinsa sarautar Zazzau ta zauna bayan ta baro Turunku, kuma har yau akwai ɓurɓushin tsohuwar ganuwa a kewayensa. Mu dai ba tarihi ya kai mu ba. Muka hau muna ihu, muka ga Zariya shimfiɗe kamar tabarma, muka yi ta hoto har wayoyi huɗu suka mutu. Ruwa kuwa tun kafin azahar ya ƙare, ledar ƙarshe ma alwala ɗayanmu ya yi da ita.

Zafin Maris a Zariya yakan kusanci digiri 40, dutse kuma ya sha rana ya riƙa dawo maka da ita ta tafin ƙafa. Da muka juyo sai muka rasa ta inda muka hau, ko'ina iri ɗaya. Yaron ya fara cewa kansa na sarawa. Can ƙafarsa ta riƙe, ya yi amai, ya zauna ya ce shi ba zai ƙara taku ɗaya ba. Yayansa ya tallafe shi yana kiran sunansa, mu kuma muka tsaya cirko-cirko, kowa na laluben aljihun da ya san babu komai a ciki.

Wani dattijo makiyayi ne ya jiwo hayaniyarmu ya hauro. Bai yi mana faɗa ba. Ya sa muka ja yaron ƙarƙashin wani falalen dutse, ya kwance mayafinsa ya jiƙa shi ya shimfiɗa masa a ka da wuya, ya riƙa yi masa fifita da malfa, yana ba shi ruwan gora kurɓi-kurɓi. Da yaron ya ɗan farfaɗo ya dama masa fura. Sannan ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, wa ya san kuna nan?" Muka yi shiru. Ya ce, "To da dare ya yi muku, ina za a nufa nemanku?" Muka ce, "Baba, mun yi kuskure." Ya sa mu gaba ta hanyar da dabbobinsa ke bi har ƙasa. A daren nan sai da aka ƙara wa yaron ruwa leda biyu. Inna ba ta ce mana uffan ba a bakin gadon, kuma shirun nan ya fi mana zagi ciwo.

Mun yi wata biyu ba mai ambaton dutse. Da maganar ta dawo, sai muka shiga intanet neman abin da ya kamata mai yawon daji na yini guda ya riƙe. Muka ci karo da wani jeri na abubuwa goma da ya samo asali daga wata ƙungiyar masu hawan dutse ta birnin Siyatil a Amurka tun shekarun 1930: abin gane hanya, fitila, kariyar rana, kayan taimakon gaggawa, wuƙa, abin kunna wuta, mafaka, da ƙarin abinci, ruwa da tufafi. Muka duba farashin kayan a shagunan intanet, muka kalli juna. Mai gyaran wayar nan ne ya ce mu ƙirga abin da dattijon ya zo da shi: gora, malfa, mayafi, sanda, fura, wuƙa a ƙugu, da sanin hanya a ka. Kusan jerin ke nan, kuma ba abin da ya sayo da dala. Washegari muka hau motar Kwangila, muka zarce kasuwar Sabon Gari.

Wajen 'yan gwanjo muka samo jakunkunan goyo irin na 'yan makaranta, muka kai wa mai ɗinkin takalmi ya ƙara wa hannayen ƙarfi. Sai ruwa. Mun yanke wa kowa lita 3, a cikin gorunan roba, don ledar fiya wata fashewa take yi a jaka, kuma in ka huda ta sai ka shanye. Kowace lita kilo guda ce a bayanka, shi ya sa aka yi ta gardama, har yayan yaron ya ce duk wanda lita 3 ta yi wa nauyi ya tuna nauyin ƙanensa da muka saɓo. Gardama ta mutu. Mun kuma tambayi malami, ya tabbatar mana cewa in ana tsoron ƙishirwa taimama ta halatta, a bar ruwan don sha.

Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishirin jiki, abin da ke sa ƙafa ta riƙe ke nan. Don haka kowace jaka tana da ƙunshin garin gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis. In babu, ana haɗa shi a gida: ruwa lita 1, wato fiya wata biyu, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Abinci kuwa dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa da dakuwa, waɗanda ba sa lalacewa a rana. Kilishi mun gwada sau ɗaya muka daina, yajinsa ruwa yake ci.

Inda muka fi daɗewa shi ne kan maciji. Ƙasar duwatsu da ciyawa gidan kububuwa da kasa ne. Wani mai koli ya nuna mana baƙin dutsen da ake manna wa a bakin sara, ya ce mu haɗa da reza da igiyar ɗaurewa. Biyu daga cikinmu sun so saye, don haka suka ga ana yi a ƙauyensu. Wata ƙanwarmu da ke karatun aikin jinya ce ta zaunar da mu. Ta ce tsagawa da tsotsewa ba sa fitar da dafi, sai dai su ƙara zubar jini, ga shi dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Ɗauri mai tsanani kuma yana iya kashe ƙafar gaba ɗaya. Abin yi shi ne a nisanta daga macijin, a cire zobe da agogo da takalmi kafin wurin ya kumbura, a ɗora ƙafar a kan sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin a kai shi asibiti ba tare da tsayawa ko'ina ba. Muka bar baƙin dutse da reza a kan tebur, muka sayi bandeji, filasta, aidin da maganin ciwon kai. Muka kuma haramta silifa: takalmi sau-ciki da dogon wando, da sanda a hannu.

Sauran kayan ƙanana ne. Usur irin na alƙalin wasa, domin murya tana dushewa amma busa uku a jere tana kaiwa nesa. Tocila, ashana a cikin leda, igiya, babbar leda ta kare ruwa, malfa da mayafi. Ƙaramar wayar nan mai madannai da ake wa laƙabi da raka-ni-kashi, wadda ba mai taɓa ta sai ta ɓaci, an ajiye lambar gaggawa ta 112 a ciki. Adda kuwa mun bar ta a gida, ƙaramar wuƙa ta isa. A wannan zamani samari biyar da adduna a bayan gari amsa tambayoyi za su yi, in ma an tsaya tambayar.

Akwai abin da jaka ba ta ɗauka. Yanzu da asuba muke fita, ƙarfe 11 kuma muna gangarowa ko mun kai ƙololuwa ko ba mu kai ba. Da damina in hadari ya haɗo ba ma jira, don jiƙaƙƙen dutse santsi ne da shi, tsawa kuma wuri mai tudu take nema. Ba ma fesa turare saboda ƙudan zuma da ke kogunan dutse. Kafin mu hau sai mun gaida mutanen gindin dutsen mun tambayi lafiyar daji, kuma sau biyu suna cewa a bari yau, muka juya da jakunkunanmu ba musu.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi komai araha, kuma shi ne ba ya shiga jakar. Takarda ce 'yar falle ɗaya: inda za mu, ta inda za mu hau, sunan kowa da lambarsa, da lokacin da in ya wuce ba mu dawo ba a fara nemanmu. Rannan da muka fara rubuta ta, muka rasa wanda za mu bai wa. Yaron ne ya ce a kai wa Inna.

Muka same ta tana tsince shinkafa. Yayan ya durƙusa ya miƙa mata. Ta sa aka karanta mata sau biyu, ta linke ta ɗaure a haɓar zani. Ta ce a buɗe jakar ɗanta, ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya, ta jijjiga gorunan. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin fura ta cusa a ciki, ta ce, "Wannan ba taku ba ce. In kun ga mutumin nan, ku ba shi."

Mun hau Kufena sau da yawa tun daga ranar, ba mu sake ganinsa ba. Makiyayi ba ya zama wuri ɗaya. Furar dai ba ta taɓa dawowa gida ba, don kusan kullum sai mun tarar da wasu samari a kan dutsen, waya a hannu, leɓe a bushe. Mukan ba su ruwa, mu dama musu, sannan mu tambaye su wa ya san suna nan.